Saƙon da ke tafiya cikin jini: daga amalen Ahaggar zuwa allurar kasuwa

 Wannan karon tarihi za mu taɓa, amma tarihin abin da duk mai raƙumi ya gani da idonsa.

Amale yana zaune lafiya wata takwas ko tara, yaro ƙarami ma sai ya ja akalarsa. Lokacin barbara na shigowa sai ya koma wata dabba daban. Ya rage cin abinci, ya rame, kumfa na zuba daga bakinsa, yana tauna haƙora. Ya riƙa fito da wata jar fata a gefen baki kamar an hura salka, wadda Larabawa ke ce wa dulla, yana gurnani. Ƙeyarsa ta riƙa tsattsafo da wani baƙin ruwa mai wari, yana fitsari yana watsa shi a bayansa da wutsiya. A wannan lokaci ko mai shi ba ya juya masa baya, don cizon amale ya sha kai mutum kabari. A arewa, wajen duwatsun Ahaggar, abin da ɗari yake zuwa, daga Disamba zuwa Maris. A kudu, inda damina ce ke kawo ciyawa, lokacin yakan goce.

To, me ya shiga jikinsa? Amsar da masana suka samu ba ta daɗe ba, kuma shekarar da aka raɗa wa abin suna shekara ce da tarihin Tamanrasat ya san da ita.

A 1905 wani malamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya sauka a Tamanrasat. Garin a lokacin bukkoki ne kamar 20 na manoma a bakin kwari, ƙarƙashin ikon Musa ag Amastan, amenokal na Kel Ahaggar. Shekara 11 ya yi yana tattara kalmomin Tamahak daga bakin masu harshen, har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916. Ƙamus ɗin da ya bari littafi huɗu ne, shafi fiye da 2,000, sai a 1951 da 1952 aka buga shi cikakke. Wanda ya buɗe zai ga raƙumi a wajen Abzinawa ba suna ɗaya gare shi ba. Akwai suna bisa shekaru, bisa launi, bisa aiki, da bisa ko an fiɗiye shi ko an bar shi don barbara. Kalmarmu ma ta amale daga wajensu muka aro ta, su amali suke cewa.

A watan Yuni na wannan shekarar dai, a Landan, wani likita mai suna Ernest Starling ya tsaya gaban 'yan uwansa likitoci ya kawo sabuwar kalma: homon. Daga harshen Girka ya ɗauko ta, ma'anarta abin da ke zaburarwa. Shekara uku kafin nan, shi da surukinsa William Bayliss sun yi gwaji a kan kare. Suka yanke jijiyoyin da ke kai umarni zuwa wani yanki na hanjinsa, suka zuba ruwa mai tsami a ciki, sai ga wata gaɓa da ke kusa da tumbi ta fara zubo da ruwan narkar da abinci. Wa ya gaya mata, alhali an yanke waya? Ashe hanjin wani sinadari ya zuba a jini, jini ya kai saƙon. Homon ke nan: ɗan aike ne da wata gaɓa ke sakawa cikin jini, ya je ya sa wata gaɓa mai nisa aiki.

Amma kafin Starling ya samo sunan, makiyayi ya daɗe yana sarrafa abin da wuƙa.

Ku duba ayarin gishirin Amadror. Ƙasar Ahaggar ba ta ba da hatsin da zai ciyar da mutanenta. Saboda haka tun ƙarshen ƙarni na 19 Kel Ahaggar sukan je Amadror, arewa maso gabas da Tamanrasat, su sari gishiri, su ɗora wa raƙuma, su gangaro kudu har Damargu su yi musanya da gero. Tafiya ce ta watanni, kuma dawowa cikin ɗari take faɗawa, wato daidai lokacin haukan amale. Raƙuma suna tafe a jere, an ɗaure akalar wannan a bayan wancan, kowanne da buhunan da iyali za su ci shekara. Amale guda in ya tashi a tsakiyar wannan layi, ya kai wa na gabansa cizo, ya tsinke igiya, ai asarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Shi ya sa raƙumin kaya da na hawa yawanci fiɗiyayyu ne, amale kuwa ana zaɓen guda mai kyawun asali a bar shi da taguwoyi. Haka Bafulatani ya yi da takarkari, haka Bahaushe ya yi da taure. Da wannan dabara aka yi fataucin hamada gaba ɗayansa, ko da yake littattafan tarihi sun fi son ba da labarin sarakuna da bindigogi.

Kuma ba kai-tsaye suke yanka ba, suna da lokaci. Mafi yawa sai raƙumi ya kai shekara 4 zuwa 6. In aka yi da wuri, ya yi dogayen ƙafafu amma ba ƙirji, ba wuya, ba ƙarfin ɗaukar kaya. In aka makara har ya saba da faɗa da hawan taguwa, to an cire tushen amma halin bai fita duka ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya fara gwada abin a fili wani malami ne a garin Gotingen na ƙasar Jamus, Arnold Berthold, a 1849. Zakaru shida ya ɗauka, 'yan samari. Biyu ya cire musu 'ya'yan maraina duka: suka tashi ba tukku, ba cara, ba ruwansu da kaza, ba ruwansu da faɗa. Biyu ya bar musu ɗaya ɗaya, suka zama zakaru sosai. Biyun ƙarshe su ne labarin. Ya cire musu duka, sannan ya ɗauki ɗan marainan wannan ya dasa cikin cikin wancan, tsakanin hanji. Suka yi tukku, suka yi cara, suna bin kaji, suna kafsa faɗa. Da ya yanka su daga baya sai ya tarar abin da ya dasa ya kama, hanyoyin jini sun shige shi, amma babu jijiyar umarni ko ɗaya da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ya ce lalle ta jini abin ke bi. Mutanen zamaninsa ba su kula ba, aikin ya kwanta kusan shekara 60.

Sai a 1935 aka kama ɗan aiken da hannu. A Amsterdam, Ernst Laqueur da abokan aikinsa suka tattara kilo 100 na 'ya'yan marainan bijimai daga mahauta, suka tace, suka tace, abin da ya rage miligiram 10 ne kacal, bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba. Suka sa masa suna testosteron. Ka ji fa, ɗan wannan abu shi ne ke mayar da raƙumi mai kilo ɗari biyar mahaukaci.

Nan wata tambaya ta taso, wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci. Jini ko'ina yake zuwa, daga leɓe har tafin ƙafa. Me ya sa saƙon ke aiki a ƙeya da wuya da ƙwaƙwalwa, bai sa ido kumfa ba?

Mu da ke aikin rediyo ba mu sha wahalar gane wannan ba. Muryarmu tana fita ta ratsa kowane gida da kowace rugga, ta bi ta kan mai barci da mai sallah da jakin da ke ɗaure, ba wanda ya ji komai. Sai mai akwatin rediyo, kuma wanda ya murɗa daidai mitarmu. Jikin dabba an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da nata akwatunan karɓa, kuma ba duka tashoshi take kamawa ba. Wanda ya nuna haka a fili Elwood Jensen ne a Chicago ta Amurka, a 1958. Ya yi wa homon na mata, estrojen, wata alama da na'ura ke iya bibiya, ya sa wa ɓeraye. Ya zagaya jiki duka, amma a mahaifa ya maƙale, a tsokar cinya kuwa wucewa ya yi. Akwai abin da ke riƙe shi a can, babu a nan. Shi ake kira makarɓi.

Makarɓan kuma iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ya sa wani abu ke faruwa cikin minti, wani sai an yi makonni. Baƙo namiji in ya zo gidan Bahaushe, a zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya ruga ciki da saƙon. Wasu homon haka suke: ba sa shiga ƙwayar, a bakin ƙofa suke taɓa makarɓi, wani ƙaramin sinadari na ciki ya kai maganar. Earl Sutherland, shi ma Ba'amurke, shi ya fara kama wannan yaron aike a ƙwayoyin hanta, da homon na firgita da ake kira adirenalin, ya sami kyautar Nobel a 1971. Irin wannan saƙo nan take yake aiki, nan take yake wucewa. Testosteron kuwa 'yar uwar matar gida ce, ba ta tsayawa a zaure. Daga kitse aka yi shi, yana ratsa bangon ƙwayar, ya tarar da makarɓinsa a ciki, su wuce tare har uwar ɗaka inda kundin gadon halitta yake, su buɗe shafukan da suke rufe. Daga nan ƙwayar ta fara sabon gini: tsokar wuya ta yi kauri, ƙeya ta fara tsattsafo, wasu hanyoyi na ƙwaƙwalwa su ƙara kaifi wajen jin warin taguwa da ganin abokin gaba.

Kun ga dalilin lissafin masu fiɗiya. Homon ɗin nan shi ke gina ƙirji da wuya, kuma da hannunsa a rufe tsawon ƙashi in dabba ta balaga. Cire shi da wuri, ƙafa ta yi ta tsawo ba nama. Bar shi ya daɗe, ya riga ya yi gininsa a ƙwaƙwalwa, kuma dabbar ta koyi abin da ta koya. Gini ba ya rushewa don magini ya tafi.

Wani abin kuma da makiyayi ya sani: in amale biyu ko uku suna garke ɗaya, wanda ya ka da saura shi ke yin cikakken hauka, sauran sai su yi laƙwas kamar ba lokacinsu ba. Wato ba jini kaɗai ke juya hali ba, zaman garke ma yana juya jini. Ƙwaƙwalwa tana karanta sanyi da tsawon dare da ƙoshi, tana kuma karanta wa ke gabanta, sannan ta umarci wata 'yar ƙwaya da ke rataye ƙarƙashinta, kamar ƙwayar wake, ita kuma ta aika wa maraina a ƙara ko a rage. John Wingfield da abokansa sun nuna irin wannan a tsuntsaye a 1990: testosteron na namiji yana hawa ne in wani ya ƙalubalance shi a kan sheƙa ko mace, in ƙura ta lafa ya sauka.

Taguwa ita ma da nata abin mamakin. Saniya da tunkiya suna sakin ƙwan haihuwa da lokacinsu, ko an hau su ko ba a hau ba. Taguwa ba ta saki sai amale ya hau ta. Masana a ƙasar Sin suka nuna a 1985, a kan raƙuminsu mai tozo biyu, cewa wani abu ne a cikin ruwan namijin ke ba da umarnin, sai a 2012 aka tantance sinadarin a Kanada. In ta ɗauka, bayan kamar mako biyu, amale na matsowa sai ta ɗaga wutsiya ta murɗe ta sama. Wannan alama da kakanninmu ke dubawa tana tafiya ne da hawan wani homon mai riƙe ciki, projesteron. Ba kullum take faɗa daidai ba, amma ta riga na'urar hoton ciki da ɗaruruwan shekaru. Sai a ƙirga wata 13.

Yanzu mu zo kan nono, inda maganar ta fi shafar tukunyar gida.

Duk mai tatsa ya san taguwa ba ta ba da nono sai ɗanta na kusa. Hantsarta ba salka ba ce da za ka kwance baki ya zubo. Abin da ke ajiye kusa da kan nonon kaɗan ne, kashi 90 cikin 100 ko fiye yana can sama cikin ƙananan aljihuna, kowanne da 'yar tsoka da ta naɗe shi. Ɗan taguwa na kama kan nono, saƙo ya hau ƙwaƙwalwa, ƙwayar waken nan ta sako wani homon cikin jini, ya iso hantsa cikin kamar minti ɗaya, ya taɓa makarɓa a zaure, tsokokin su matse, nono ya sauko. Mintoci kaɗan ne abin ya wuce. Shi ya sa ake janye ɗan a yi sauri, wani lokaci mutum biyu, ɗaya ta kowane gefe.

Sunan homon ɗin oksitosin. Henry Dale a Ingila ya fara ganin aikinsa a 1906, ya ga ruwan ƙwayar waken yana matse mahaifar kyanwa, daga nan sunan ya fito, ma'anarsa haihuwa da sauri. A 1910 wasu likitoci biyu a Amurka, Ott da Scott, suka ga yana sauko da nonon akuya. Akwai kuma wani gwaji mai ban dariya da Ely da Petersen suka yi a 1941: ana shirin tatsar saniya suka ɗora mata kyanwa a gadon baya, suna fasa jakunkunan takarda da aka hura. Nono ya ƙi saukowa. Firgita ta sako adirenalin, shi kuma ya tsuke hanyoyin jinin hantsa, ya kuma hana ƙwaƙwalwa sakin oksitosin. Wato tsohuwar da ke korar yara da karnuka daga wurin tatsa, tana kiran saniya da sunanta a hankali, ba camfi take ba.

To in ɗan ya mutu fa? A hamada wannan ba ƙaramar magana ba ce, don nonon taguwa guda na iya zama abincin yaran tanti na shekara. Nan ne makiyaya suka nuna gwaninta. A feɗe ɗan, a cusa ciyawa a fatar, a kawo mata ta shinshina. Ko a lulluɓa fatar a jikin wani maraya. Wasu sukan tsorata ta da dare kamar kura ta kawo hari, da marayan a gefenta, ta tashi kare shi, da safe ta wayi gari uwarsa. Wasu sukan toshe mata hanci da mafita na ɗan lokaci ta shiga wahala irin ta naƙuda, sannan a sake ta a ajiye mata marayan. Wannan ta ƙarshe tana da tsanani, kuma a hannun wanda bai iya ba tana yi wa dabba rauni. Masanin ƙasa Bafaranshe Edmond Bernus, wanda ya daɗe tare da Abzinawan Azawak, ya rubuta maƙala guda a 1980 a kan kalmomin da suke da su na waɗannan dabaru kawai. Akwai kuma hura iska ta gaban saniya don ta saki nono. Herodotus na Girka ya ba da labarin masu dawaki na arewacin Baƙin Teku suna yi wa goɗiyoyi haka fiye da shekara 2,400 da suka wuce, kuma masanin zanen duwatsu Jean-Loïc Le Quellec ya nuna hoton wannan aiki a zanen da makiyayan da suka bari a duwatsun Sahara, tun lokacin da shanu ke kiwo inda yau sai yashi.

Bayanin ya fito ne daga tumaki. Tunkiya kafin ta haihu ƙyamar ruwan haihuwa take. Tana haihuwa sai ta shiga lasarsa, kuma cikin kamar awa biyu ta haddace warin ɗanta, duk wani ɗan rago da ya matso ta tunkuɗe shi. A 1983 Barry Keverne na Kambirij tare da Pascal Poindron da Frédéric Lévy na Faransa suka nuna cewa in aka motsa hanyar haihuwar tunkiya na minti biyar, ko da ta riga ta san nata, sai ƙofar ta sake buɗewa ta karɓi baƙon ɗa. Miƙewar hanyar haihuwa ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa an haihu. Ita kuma sai ta saki oksitosin ta hanya biyu: ɗaya cikin jini, zuwa mahaifa da hantsa, ɗaya cikin ita kanta ƙwaƙwalwar, inda ake rubuta wari da shaƙuwa. A 1987 Keith Kendrick ya zuba oksitosin kai-tsaye cikin ƙwaƙwalwar tumakin da ba su haihu ba, bayan an shirya su da estrojen, suka fara lasar 'ya'yan wasu suna kukan uwa. Da aka sa shi ta jini, hakan bai faru ba, don akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barin sa ya wuce sosai.

A gefe guda, akwai wasu ɓerayen daji iri biyu a Amurka, kamarsu ɗaya. Na fili mace da namiji suna zama tare suna renon 'ya'ya, na dutse kowa ta kansa yake. A 1992 Thomas Insel ya duba ya ga oksitosin ɗin iri ɗaya ne, wuraren da makarɓansa suke a ƙwaƙwalwa ne suka bambanta. Tasha ɗaya, akwatuna daban.

Ayarin Amadror ya yi ta raguwa bayan Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, ga takardun kan iyaka, ga fari, ga manyan motoci, kwalta kuma ta iso Tamanrasat a 1978. Yau raƙuman Nijar da Mali suna hawa arewa ne su kansu a matsayin haja, ta Asamaka da Ingizam, kilomita kusan 400 kafin Tamanrasat, a yi musanyarsu da dabino da sauran kaya, su ƙare a wajen mahauta. Tare da wannan ciniki wata haja ta shigo kasuwanninmu, 'yar kwalba da sirinji.

Tun 1953, da Vincent du Vigneaud ya iya haɗa oksitosin a ɗakin bincike, ake yin sa a masana'anta. Alheri ne babba, shi ne maganin farko da ake ba mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, kuma likitan dabbobi na da wuraren da yake bukatarsa. Amma ku dubi abin da muka faɗa. Allurar tana kai saƙo hantsa, ba ta kai shi inda ake rubuta shaƙuwa, don haka ba za ta sa taguwa ta so maraya ba. In kuma aka mayar da ita ta kullum, safe da yamma, hantsa ta saba da tsawa, ɗan saƙon da jikinta ke aikowa ya daina isar ta, ran da ba allura nono ya ragu. In aka yi wa dabba mai naƙuda alhali ɗan ya zo a karkace, mahaifa za ta yi ta matsa abin da ba shi da hanya har ta yage. Ga shi kuma magani ne mai son sanyi, tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi. Kwalbar da ta kwana uku a bayan mota tsakanin Arlit da Asamaka, ta kuma yini a kan tebur a rana, Allah kaɗai ya san ƙarfin da ya rage mata.

Ɗaya kwalbar ta fi shafar 'yan kasuwa, ita ce deksametazon, wadda ake taƙaitawa deksa. Kwaikwayon kotizol ce, homon da jiki ke saki in yana cikin wahala, irin wanda ke hawa a jinin dabbar da aka yi wa doguwar tafiya ba ruwa. Shi ma irin mai shiga uwar ɗaka ne, kuma kusan kowace ƙwaya a jiki tana da makarɓinsa, shi ya sa yake taɓa komai. Yana sauke zazzaɓi da kumburi, yana buɗe ciki, dabba ta yi sheƙi na 'yan kwanaki. Cutar kuwa tana nan, an dai rufe mata baki ne, kuma an kwantar da dakarun jiki masu yaƙi da ita. Wanda ya sayi irin wannan rago ko raƙumi a kan iyaka, sai ya yi nisa zai ga abin da ya saya. Saura kuma yana zama a nama da nono na ɗan lokaci. Ƙasashen Turai sun hana amfani da homon don ƙibar dabbobi tun ƙarshen shekarun 1980.

Ga masu shanu da tumaki akwai wani haɗarin daban, kuma tarihinsa daga Niyu Zilan ya fito. A shekarun 1960 wani likitan mata, Graham Liggins, ya tambayi wa ke yanke ranar haihuwa, uwa ko ɗa. Ya yi ta gwaji a kan tumaki har ya gano ɗan da ke ciki ne: in ya nuna, jikinsa ya sako kotizol, wannan ya huro huhunsa ya shirya shi shaƙar iska, ya kuma gaya wa mahaifa lokaci ya yi. Daga wannan aiki, a 1972, aka fara yi wa matan da naƙuda ta zo musu da wuri allurar irin wannan magani, kuma bakwaini masu yawa sun rayu ta dalilinsa. Amma mahaifar saniya ba ta tambayar daga ina saƙon ya fito. A yi wa mai ciki wata takwas deksa don ta yi kyan gani ranar kasuwa, cikin kwana biyu zuwa uku sai ta zubar da maraƙin da bai isa ba, sau da yawa kuma mabiyiya ta maƙale a ciki.